'Yancin Faɗar Albarkacin Baki da 'Yancin Addini a Dokokin Nijeriya

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tattara haƙƙoƙin ɗan Adam na asali a babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46. A cikinsu akwai biyu da ke maƙwabtaka da juna: sashe na 38, wanda ya kare tunanin mutum da imaninsa da addininsa, da sashe na 39, wanda ya kare bakinsa da alƙalaminsa. Maƙwabtakar tana da dalili. Wa'azi magana ce, kiran salla magana ce, haka ma huɗubar Juma'a da ta Lahadi. Duk wanda aka hana shi magana an taɓa addininsa, wanda kuma aka tilasta masa furta abin da bai yi imani da shi ba an taɓa su duka biyun.

Ƙarfin waɗannan sassa yana fitowa ne daga sashe na 1 na kundin, wanda ya ɗora tsarin mulki bisa kowace doka a ƙasar. Idan majalisar tarayya ko ta jiha ta yi dokar da ta ci karo da shi, kotu tana da ikon soke ɓangaren da ya ci karon. Ke nan gwamna ko kwamishinan 'yan sanda ko sarki ba su ne suka ba mutum wannan 'yanci ba, kuma ba su da ikon janye shi da baki.

Asalin tanadin

Tun kafin samun mulkin kai aka dasa tushen wannan babi. A 1957 gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Henry Willink don ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu, waɗanda ke tsoron manyan ƙabilu za su danne su a jihohi uku na lokacin da zarar Turawa sun tafi. A Arewa, batun addini yana cikin manyan koke-koken da aka kai gaban kwamitin. Da yawa daga masu koken sabbin jihohi suka nema. Rahoton da ya fito a 1958 bai goyi bayan haka ba, amma ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki yadda kowa zai iya kai ƙara a kansu. Aka ɗauko salon rubutun daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen Turai ta 1950, aka shigar da shi a kundin 1960. Kundin 1963 ya gaje shi, na 1979 ya gaje shi, na 1999 ma haka.

Kalmomin ba su canja sosai ba a tsawon waɗannan shekaru. Abin da ya riƙa canjawa shi ne irin gwamnatin da ke kan mulki da kuma yadda alƙalai ke fassara iyakar 'yancin. Shi ya sa karanta sassan kaɗai ba ya isar mai son sanin haƙƙinsa, sai ya haɗa da sanin hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke a kansu.

Abin da sashe na 38 ya ƙunsa

Sashen ya ba kowane mutum 'yancin tunani da na bin abin da zuciyarsa ta natsu da shi da na addini. Ya ambaci 'yancin sauya addini ko aƙida ƙarara. Ya kuma ba mutum damar bayyana addininsa da yaɗa shi ta hanyar ibada da koyarwa da aiki da shi, ko shi kaɗai ko cikin jama'a, ko a ɗaki ko a fili. Akwai abu biyu a nan da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne abin da ke cikin zuciya, wanda hukuma ba ta da hanyar shiga balle ta hukunta. Na biyu shi ne bayyana shi a aikace, kamar gina masallaci ko coci, da yin tattaki, da kafa lasifika, da sa tufafin addini. A wannan na biyun ne doka ke iya sa baki, domin a nan ne ibadar wani ke haɗuwa da barcin maƙwabcinsa ko hanyar motar wani.

Ragowar sashen ya karkata ga makaranta, inda aka fi samun saɓani. Ba a tilasta wa ɗalibi ɗaukar darasin wani addini da ba nasa ba, ko halartar bikinsa ko ibadarsa, haka ma addinin da iyayensa ko mariƙansa ba su amince da shi ba. A ɗaya ɓangaren, al'ummar addinin da ke ɗaukar nauyin makarantarta gaba ɗaya ba za a hana ta koyar da 'ya'yanta addininta a ciki ba. Wannan shi ne gindin da makarantun Islamiyya da na mishan suke tsaye a kai a idon doka. Sakin layi na ƙarshe ya cire ƙungiyoyin asiri daga kariyar: ba wanda zai fake da 'yancin addini ya kafa su ko ya shige su.

Wasu sassa na kundin suna mara wa wannan baya. Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko jinsinsa ko ra'ayinsa na siyasa. Sashe na 222 ya hana jam'iyyar siyasa ɗaukar suna ko tambari mai alamar addini ko ƙabila. Sai sashe na 10, jimla ɗaya tak, da ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma ba. Wannan gajeriyar jimla ta jawo doguwar muhawara. Wasu na ganin tana nufin gwamnati ta tsame hannunta daga harkar addini kwata-kwata. Wasu na cewa abin da ta hana kawai shi ne fifita addini ɗaya a hukumance, suna kafa hujja da cewa kundin nan shi da kansa ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga jihar da ke buƙata, a sashe na 275 zuwa na 279, kuma gwamnati tana da hukumar alhazai da ta Kiristoci masu ziyarar ibada, tana ba da hutun Salla da na Kirsimeti. An fafata a kan haka a majalisar tsara kundi ta 1977 zuwa 1978, an sake a 1986 lokacin shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, an kuma sake bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999.

Abin da sashe na 39 ya ƙunsa

Wannan sashe ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayi, da karɓar labari da tunani, da isar da su ga wasu ba tare da katsalandan ba. Ambaton karɓa yana da muhimmanci: idan aka rufe jarida ba mai jaridar kaɗai aka zalunta ba, har da mai karatu. Sashen ya ba kowa damar mallakar kafar yaɗa labari, sai dai ya keɓe rediyo da talabijin, waɗanda ba a buɗe su sai da izinin shugaban ƙasa bisa sharuɗɗan da majalisar tarayya ta gindaya. Hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke kula da lasisin. Kafin wannan shekara gwamnati ce kaɗai ke da gidajen rediyo da talabijin a Nijeriya.

Sashe na 22 ya ɗora wa 'yan jarida aikin bin diddigin gwamnati don ta yi wa jama'a bayanin ayyukanta. Amma yana babi na biyu ne, wanda kundin ya ce ba a kai ƙara kotu a kan tanade-tanadensa, saboda haka ɗan jaridar da aka kama da sashe na 39 yake kare kansa, kamar kowane ɗan ƙasa. Abin da ya ƙara wa 'yancin neman labari ƙarfi shi ne dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A ƙarƙashinta kowa na iya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takardu ko bayanai ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ma'aikatar kuma tana da kwana bakwai ta amsa. Idan ta ƙi, mai nema na iya zuwa kotu.

Kariyar ta fi fuskantar hukuma da jami'anta. Editan da ya ƙi buga wasiƙar wani, ko mai gidan da ya hana a yi taro a ƙofar gidansa, bai keta sashe na 39 ba.

Iyakar 'yancin

Sashe na 45 shi ne inda kusan kowace shari'a kan magana ko addini take ƙarewa. Ya halatta dokar da ta taƙaita waɗannan haƙƙoƙi idan an yi ta don tsaron ƙasa, ko lafiyar rayukan jama'a, ko zaman lafiya, ko tarbiyyar al'umma, ko kiwon lafiya, ko don kare haƙƙin wasu mutane. Amma ya sa sharaɗi: dole dokar ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya.

Abubuwa uku ke fitowa daga nan. Dole a sami doka rubutacciya. Umarnin baki daga wani babba ba doka ba ne, kuma sashe na 36 ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a wata doka ba. Dole manufar ta kasance cikin waɗanda aka lissafa. Kare jami'in gwamnati daga jin kunya ba ya cikinsu. Dole kuma taƙaitawar ta yi daidai da girman matsalar. A kan na ukun nan ne alƙalai suka fi saɓawa juna, domin awo ne da hankali, ba lissafi ba.

Ɗaya daga cikin shari'o'in farko da suka gwada wannan sharaɗi a Arewa aka yi ta a 1960, wadda littattafan lauyoyi ke kira shari'ar Cheranci. An ƙalubalanci dokar Jihar Arewa da ta hana yara ƙanana shiga harkokin siyasa, aka ce ta tauye musu 'yancin magana da na taro. Babbar Kotu ta ce dokar tana nan daram, domin kare yara da zaman lafiya dalili ne karɓaɓɓe.

Sukar gwamnati

Shari'o'i biyu sun nuna yadda kalmomi kusan iri ɗaya ke haifar da hukunci mabambanta. A 1961 aka gurfanar da Dakta Chike Obi, masanin lissafi kuma ɗan siyasa, saboda wata ƙasida da ya raba yana sukar gwamnatin tarayya da kakkausan harshe. An tuhume shi a ƙarƙashin dokar tunzura jama'a su tsani hukuma, wadda aka gada daga mulkin mallaka. Kotun Ƙolin Tarayya ta lokacin ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba: mutum na iya sukar gwamnati, amma ba ta hanyar da za ta jawo mata ƙiyayya da raini ba.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka, mawallafin littattafai Arthur Nwankwo ya rubuta littafi kan yadda Gwamna Jim Nwobodo ke mulkin jihar Anambra. Babbar Kotu ta ɗaure shi wata goma sha biyu da irin waccan doka. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, ta ce dokar ba ta dace da kundin 1979 ba. Hujjar alƙalan ita ce an yi dokar ne don kare mai mulkin mallaka daga talakawan da ya mallake, alhali yanzu jama'a ne ke zaɓar shugabanni, suna kuma da haƙƙin yi musu bita. Shugaban da ke ganin an yi masa ƙarya sai ya shigar da ƙarar ɓata suna kamar kowa. Wannan hukunci shi ne mafi kusa da manufar sashe na 39, ko da yake har yau majalisa ba ta goge sassan waccan doka daga kundin laifuffuka ba.

Mulkin soja labari ne dabam. Abin da kowane juyin mulki ke farawa da shi shi ne dakatar da wasu sassan tsarin mulki da hana kotuna bincikar dokokin soja. Doka ta 4 ta 1984, a zamanin Janar Muhammadu Buhari, ta sa hukunci kan rahoton da ya kasance ƙarya ko ya jawo wa jami'in gwamnati abin kunya. Da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda saboda labari kan naɗin jakadu. An soke ta a 1985 bayan Janar Babangida ya karɓi mulki.

Taro da zanga-zanga sashe na 40 ne ya kare su, amma 'yan uwan magana ne na jini. A Satumban 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, suka ce ba a nemi izini ba. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara. Babbar Kotun Tarayya a 2005, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2007, suka yanke cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa tsarin mulki. Sanar da 'yan sanda don su ba da tsaro abu ne mai kyau, amma ba a hannunsu halaccin taron yake ba.

Ɓata suna da intanet

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, doka ma ta san da haka. Mutuncin mutum yana cikin haƙƙin wasu da sashe na 45 ya ambata, saboda haka wanda aka yi wa ƙazafi na iya neman diyya a kotu. Wanda aka yi ƙara yana iya kare kansa da cewa maganar gaskiya ce, ko sharhi ne na adalci kan al'amarin da ya shafi jama'a, ko an yi ta a wurin da doka ta ba kariya, kamar zauren majalisa ko gaban alƙali. Wahalar ita ce a mafi yawan jihohi ɓata suna laifi ne kuma da ake iya ɗaure mutum a kansa: yana cikin kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa tun 1960, yana kuma cikin kundin laifuffuka na Kudu. Wannan ne ke ba mai ƙarfi damar tura 'yan sanda su kamo wanda ya soke shi, maimakon ya ɗauki lauya ya jira kotu. Jihar Legas ta cire shi daga jerin laifuffuka a dokarta ta 2011.

Da wayar hannu ta zama dandalin muhawara, sai sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya zama sandar da aka fi ɗagawa. A rubutunsa na farko ya hukunta saƙon da ke da muni ƙwarai, ko na ƙarya da aka aika don ɓata wa wani rai ko zaginsa, da ɗaurin da ya kai shekara uku ko tarar da ta kai naira miliyan bakwai. Ɓacin rai kuwa ba shi da ma'auni, kowace suka tana ɓata wa wanda aka soka rai. An kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook da dama da shi. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020, ta sake a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin magana. A 2024 aka yi masa gyara, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da saƙon da mai shi ya san ƙarya ne kuma ya aika don tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Kotun ECOWAS ɗin dai ta yanke a Yulin 2022 cewa dakatar da Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ba bisa doka aka yi ba.

Addini a gaban kotu

Shari'ar hijabi ta Legas ta nuna yadda ake auna tsarin makaranta da haƙƙin ɗaliba. Gwamnatin jihar ta hana sa hijabi a makarantunta na firamare da sakandare, tana cewa kayan makaranta dole su zama iri ɗaya. Babbar Kotun jihar ta goyi bayanta a 2014. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a 2016, sai kuma a ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar ɗaliban, alƙalai biyar suka rinjayi biyu. Kotun ta ɗauki hijabi a matsayin aiki da addini wanda sashe na 38 ya kare, gwamnati kuma ba ta nuna wata cutarwa da ta kai a hana shi ba.

Wasu shari'o'i biyu sun shafi mabiya Shaidun Jehobah, waɗanda aƙidarsu ta hana ƙarin jini. A 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta wanke likitan da ya mutunta zaɓin wata baligar majinyaciya da ta ƙi a ƙara mata jini har ta rasu. Babba mai hankali yana da ikon ƙin magani saboda imaninsa, ko da wasu na ganin kuskure ne. Amma a 2019, a shari'ar Esabunor, kotun ta ce an yi daidai da aka ƙara wa jariri jini bisa umarnin kotu duk da ƙin amincewar mahaifiyarsa. Imanin iyaye nasu ne, ran yaro kuma nasa ne, bai kai shekarun zaɓa wa kansa ba.

Batun ɓatanci ga addini shi ya fi kowanne zafi. Final Kod a sashe na 210, da kundin Kudu a sashe na 204, duk sun hukunta cin mutuncin addini a bainar jama'a da ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. Daga shekarar 2000, jihohi goma sha biyu na Arewa sun faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, kundin laifuffukan wasunsu kuma ya tanadi hukunci mafi tsanani, har kisa a Kano, ga wanda ya yi ɓatanci ga Annabi (SAW). Waɗannan kundaye Musulmi suke hawa kai, kuma ba su sanya ridda cikin laifuffuka ba, domin hakan zai ci karo kai tsaye da 'yancin sauya addini na sashe na 38. A 2020 wata Babbar Kotun Shari'a a Kano ta yanke wa wani matashin mawaƙi hukuncin kisa. Babbar Kotun jihar ta soke hukuncin a 2021 ta ce a sake shari'ar, saboda an yi ta ba shi da lauya. Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2022 ta amince da sake shari'ar, ta kuma ce kundin shari'ar jihar bai saɓa wa tsarin mulki ba, daga nan aka wuce Kotun Ƙoli. A Afrilun 2025 kuma Kotun ECOWAS ta yanke cewa sassan ɓatanci na dokokin Kano ba su dace da yarjejeniyoyin da Nijeriya ta sa wa hannu ba. Masu goyon bayan dokokin suna dogara da zaman lafiya da tarbiyyar al'umma da haƙƙin mabiya addini, duk na cikin sashe na 45. Masu adawa suna cewa hukuncin ya zarce abin da sharaɗin dimokuraɗiyya zai ɗauka.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne ɗaukar doka a hannu. A 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa kan ɗaya daga cikin mutanen da suka kashe wani a wani ƙauye na jihar Kebbi bisa jita-jitar ya yi ɓatanci. Kotun ta bayyana cewa a shari'ar Musulunci ma zargi sai an tabbatar da shi da shaidu a gaban alƙali, zartar da hukunci kuma aikin hukuma ne. Taron da ya kashe wanda ake zargi ya aikata kisan kai.

Yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa

Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta kare addini a sashe na 18, magana a na 19. Yarjejeniyar haƙƙoƙin jama'a da siyasa ta 1966, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, ta maimaita su da lambobi iri ɗaya, ta ƙara da sashe na 20 da ya wajabta hana kiran ƙiyayyar addini ko ƙabila da ke tunzura tashin hankali. Sai dai sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama dokar ƙasa sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. Wadda aka yi wa haka ita ce yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, da aka mayar doka a 1983. Sashenta na 8 ya kare addini, na 9 ya kare magana. A shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi ta 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ana iya dogara da ita a kotunan Nijeriya, amma tana ƙasa da tsarin mulki.

Hanyar neman haƙƙi

Sashe na 46 ya ba duk wanda ke ganin an tauye masa haƙƙi, ko ana cikin tauyewa, ko ana shirin tauyewa, damar zuwa Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ba sai an kama mutum ba tukuna. Barazana ta isa. Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu, sun sauƙaƙa hanyar. Ana shigar da ita da takardar buƙata da takardar rantsuwa mai bayanin abin da ya faru. Ba a cewa lokaci ya ƙure. Idan mutum yana tsare, ɗan uwansa ko lauya ko ƙungiyar kare haƙƙi na iya shigarwa a madadinsa. Kotu na iya bayyana cewa an keta haƙƙi, ta ba da umarnin a daina, ta sa a saki wanda ke tsare, ta kuma yanke diyya.

Wanda aka kama saboda magana yana da kariyar sashe na 35. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita arba'in, in babu cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Idan ta tabbata kamun ba bisa doka ba ne, yana da haƙƙin a biya shi diyya, a kuma nemi afuwarsa a bainar jama'a.

Shari'a tana cin kuɗi da lokaci. Ta hijabi ta kwashe kusan shekara takwas tsakanin hukuncin farko da na ƙarshe. Mai ƙaramin ƙarfi na iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofisoshi a jihohi, ba ta kuma karɓar kuɗi. Akwai Hukumar Agajin Shari'a, da aka kafa a 1976, mai ba marasa hali lauya kyauta. Kotun ECOWAS da ke Abuja tana karɓar ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnatin ƙasarsa ba tare da sai ya gama da kotunan gida ba, sai dai ba ta da 'yan sandan kanta, zartar da hukuncinta yana bi ta hannun hukumomin ƙasar da aka yi ƙara. A duk inda aka nufa, abin da ake fara tambaya shi ne hujja: ranar da abin ya faru da wurin, sunan ofishi ko caji ofis, takardar gayyata ko ta tuhuma, ainihin rubutun ko muryar da aka kama mutum a kanta, da shaidun da suka gani.